A sa na'urorin gidajen likita su yi magana da juna kafin a ƙaro mana wasu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ba a cika kawowa a labarai ba, tunda ba gini ba ne balle gwamna ya zo buɗewa a ɗauki hoto. Maganar yadda labarin ciwo ke tashi daga kaz ɗin sante na ƙauye ya bi ta CSI, wato gidan likitan da ke sama da kaz ɗin, ya bi ta distirik ya zo nan Damagaram ya wuce Yamai, da yadda amsa ke dawowa in ma ta dawo ɗin. Na yi aikin majo, wato shugaban CSI, daga baya aka maida ni wajen tattara alƙaluma, to ba jita-jita zan kawo maka ba. Kuma ga sanyi na shigowa, bayansa ƙura da zafi, kowa ya san lokacin sanƙarau kenan, gara a yi maganar tun yanzu.

Kukana guda ne. Kwamfuta muna da ita, tablet muna da su, manhajoji kam har sun yi mana yawa, kowane poroje in zai zo da tasa yake zuwa, a kira mu horo a otel a ba mu perdiyem a raba na'ura, shikenan an ƙara mana aiki. Amma duk cikinsu da wuya ka samu wadda ke gaya wa ƴar uwarta abin da ta sani. Ta labo ba ta san ta masu sa ido kan annoba ba, ta magani ba ta san ta rigakafi ba, ta babban asibiti ba ta san ta CSI ɗin da ya turo mara lafiyan ba. Mutum ne ke ɗauko lamba daga wannan ya kwafa a waccan, da hannu, da dare, a gajiye. Roƙona a dakata da sayo sababbi tukuna, a gina hanyar da waɗanda ke ƙasa za su riƙa aika wa juna saƙo da kansu.

Ɗauki yaro guda da uwarsa ta goyo da asuba, jiki zafi rau, wuya ya sanƙare, ba ya son haske. Majo zai rubuta shi a babbar rijistar duba marasa lafiya. Zai cika masa takardar sanarwa ta mutum ɗaya, wadda ake ba lambar Epid. In an samu ɗibar ruwan ƙashin baya a zuba a kwalba, a manna filasta a rubuta suna da biro, wata takardar kuma ta raka kwalbar. In yaron bai kai shekara 5 ba akwai takardar kyauta, tunda daga 2006 gwamnati ta ɗauke wa ƙananan yara kuɗin magani, ita ma sai an cika in ana son a biya CSI wata rana. Allurar seftiriyakzon da aka yi masa a rage ta a katin sito. Farkon mako a saka shi a rapor ɗin MDO na cututtukan da dole a sanar da su, ƙarshen wata a sake ƙirga shi a rapor na wata da zai shiga DHIS2, manhajar da ake tara alƙaluman lafiya a ciki, in akwai tablet ɗin poroje nan ma a danna shi, sannan a ɗauki hoton takarda a jefa a guruf ɗin WhatsApp don shugaba ya gani da wuri. Yaro ɗaya ne fa. Kuma mai wannan rubutun shi ne mai allura, shi ne mai karɓar haihuwa in ungozoma ba ta nan, ga mata sun yi layi a gindin dogon yaro suna jiransa. In wata ya zo ƙarshe ka leƙa ɗakin majo bayan isha'i, za ka same shi kan tabarma rijistoci a baje, fitilar salula a baki, yana bin layi da yatsa yana jan ƴan sanduna biyar-biyar a bayan tsohuwar ordonansi. To mene ne abin mamaki in MDO ta ce bakwai rapor na wata ya ce tara?

Kada a ce DHIS2 nake zagi, a'a wallahi. Manhaja ce mai kyau, jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita, tushenta daga Afirka ta Kudu ne a shekarun 1990 bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, ba a biyan kuɗin lasisi, ƙasashe sama da 70 na aiki da ita, mu da Najeriya duk muna ciki. Wanda ya ga zamanin da ake ba direban motar kasuwa rapor a ambulan a yi ta addu'a ya kai, ya san an samu ci gaba. Kuma ita an bar mata ƙofa musamman don wata manhaja ta shigo ta ajiye bayani ko ta ɗauka. Ƙofar na nan, bin ta ne ba a yi yadda ya kamata.

Wani zai ce ai takarda ce kawai, in ta makara kwana uku me aka rasa. To a sanƙarau lissafin na mako ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ita ce in aka samu mutum 3 cikin dubu 100 a mako guda a farka, in ya kai 10 annoba ce, kuma ana son a fara rigakafi cikin mako 4 da tsallake wannan layin, in aka wuce haka amfanin allurar ya ragu ƙwarai don ciwon ya riga ya yi ɓarnarsa. Yanki mai mutum dubu 50, mutum 5 kacal ne ke kai shi layin annoba. In biyu daga cikinsu suna kan takarda a jakar majo ana jiran ɗan kabu-kabu, na'urar distirik uku take gani, ba wanda ya san an kai layin annoba. Sannan allurar ba a kanti ake sayo ta ba, akwai rumbun duniya da wani kwamiti mai suna ICG ke riƙe da shi, an kafa shi a 1997 bayan babbar annobar 1996 wadda ta kama sama da mutum dubu 250 a Afirka ta kashe wajen dubu 25, dattawan Damagaram da Kano ba su manta da ita ba. Su kuma ba sa sakin allura sai an nuna musu alƙaluman mako-mako da sakamakon labo da ke faɗin wace irin ƙwaya ce. Don allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar da Mali da Burkina a 2010 nau'in A ta kashe wa kaifi, sai ga nau'in C ya taso mana a 2015, mutum wajen 8,500 suka kamu, 573 suka rasu. Ka ga kenan takardar sanarwa da ke hannu ɗaya da sakamakon labo da ke wani hannun dole su haɗu a kan yaro guda, da sauri, kafin a ce ga allurar da za a roƙo.

Ba tsohon labari ba ne a wurinmu. Daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023 OMS ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jahar Damagaram, 18 suka rasu, Allah ya jiƙansu, kuma 342 daga ciki ƴan distirik ɗin Dungass ne, sai Matamaye da Mirya da Magarya. Duba taswira ka ga inda Dungass take, a bakin iyakar Jigawa. A waccan kakar dai Jigawa ce ta fi kowace jiha kamuwa a Najeriya. Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, mutanenmu da dabbobinsu can suke wuni, ta Ɗan Barto kuma ana shiga Kwangwalam a wuce Daura, aure ɗaya, zumunci ɗaya, makarantun allo ɗaya. Uwa a ƙauyen bakin iyaka in yaronta ya kwanta, inda ya fi kusa ko inda ta ji akwai magani can za ta nufa, ba ta tambayar tutar wa ke kan ginin. In ta tsallaka aka rubuta shi a can, Najeriya na da SORMAS, manhajar sa ido kan annoba da suka gina tare da Jamusawa bayan Ebola ta 2014, ya shiga nasu lissafin, mu a nan ƙauyen nasa fari tas yake a takardarmu. Haka su ma nasu in suka zo Magarya. DHIS2 ɗinmu da nasu uwa ɗaya uba ɗaya, amma ko sallama ba sa yi.

Abin da ke riƙe da mu a iyaka yanzu zumuncin mutane ne. An haɗu a taro an karɓi lambar juna, in abu ya taso a buga waya. Madalla da hakan, sai dai ran da aka yi wa ɗayansu canjin wurin aiki hanyar ta bi shi. Ka tuna mashaƙo, a watan Yulin 2023 aka fara ganinsa a Matamaye lokacin yana cin Kano, kwanaki kaɗan bayan nan aka yi juyin mulki aka rufe iyaka, hukumomi suka daina gaisawa, alhali ta daji ana shiga ana fita. Ni ba siyasa na zo yi ba. Dokar lafiya ta duniya ta 2005 dai ta hau kanmu ta hau kansu, kuma akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971, a Yamai ma ofishinta yake. Me zai hana a zauna a ƙarƙashinta a yarda kan ɗan gajeren saƙo guda da na'urar Dungass da ta Maigatari za su riƙa musaya duk mako? Ba sunan kowa a ciki, yanki kaza, mako kaza, ciwo kaza, mutum kaza, ƙwaya iri kaza. Ko minista na fushi da minista, wannan ya ci gaba da tafiya.

Bari in fayyace abin da nake nufi, kar a ɗauka wani tsafi ne. Mai layin Airtel yana kiran mai Moov ko Zamani, ba wanda ya ce sai duk ƙasa ta koma kamfani ɗaya kafin a gaisa, kowa da eriyarsa da kuɗinsa, sun dai yarda da tsarin lamba da wurin haɗuwa. Haka ake so a nan. Kowace manhaja ta tsaya kan aikin da ta iya, amma ta buɗe ƴan ƙofofi sanannu, kowace ƙofa da hidimar da take yi, wannan in ka ba ta lambar kwalba ta ba ka sakamako, wannan in ka ba ta sunan gari ta gaya maka CSI ɗin da ke riƙe da shi, wannan ta karɓi sanarwar sabon mara lafiya, waccan ta faɗi allura nawa suka rage a sito. Mai tambaya ba ruwansa da yadda aka gina ta daga ciki, ko wa ya rubuta ta, ko a Yamai take zaune ko a nan. Gobe in aka canza manhajar labo ɗungurungum, muddin sabuwar ta riƙe ƙofofin nan yadda suke, sauran ba za su ma san an yi canji ba.

A tsakiya kuma a sa ɗan aike guda, manhajar da ba ta duba mara lafiya ba ta ƙirga komai, aikinta karɓa da miƙawa. Dalilin lissafi ne kawai. Manhaja 6 in za a haɗa kowace da kowace kai tsaye, haɗi 15 kenan, in sun kai 10 haɗi 45, kowane sai an biya wani ya yi shi a kuma biya shi ya gyara in ya lalace. In da na tsakiya, 6 haɗi 6, 10 haɗi 10. Shi ne zai duba wa ya aiko kuma yana da izini ko babu, ya rubuta ranar da sa'ar, ya juya saƙon zuwa sigar da mai karɓa ke ganewa, ya ba kowa kwafinsa, distirik da jaha da labo da masu sito, daga rubutu ɗaya da majo ya yi. Abin da ya fi burge ni a tsarin, kuma shi ne ya dace da mu, bai dogara da rezo ya kasance a wannan minti ba. Saƙo ya zauna a wayar majo a Tesker ko Belbeji, rezo ya leƙo da tsakar dare ya tafi da kansa, in ya katse a hanya ya sake gwadawa, kuma kowane saƙo da lambarsa da ba ta maimaituwa, ko sau biyar aka tura shi sau ɗaya za a ƙirga. In ya isa a dawo wa mai aikowa da shaidar an karɓa, in an ƙi karɓa a gaya masa dalili, shekarun yaro babu ko sunan gari bai dace ba, ya gyara tun uwar tana zaune a benci.

Na san amsar da za a ba ni, ai muna da WhatsApp. Muna da shi kuma ya ceci rayuka, ban musa ba. Amma shuɗin layi biyun nan cewa yake wani ya buɗe hoton, bai ce lambar ta shiga lissafi ba. Hoton rubutun hannu ba ya taruwa da kansa, sai wani ya zauna ya sake bugawa, an koma gidan jiya. Ga kuma abin da ba a son faɗa, takarda ɗauke da sunan mutum da garinsa da ciwonsa tana zaune a wayoyin mutum talatin ko arba'in, har da waɗanda suka bar aikin ba a cire su a guruf ba, wayar nan yara na wasa da ita, ana sace ta, ana sayar da ita. Yau sanƙarau ne, gobe tarin fuka ne ko sida, a gari ƙarami inda kowa ya san kowa. Muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP da aka ɗora wa aikin. Saƙon da ke bi ta ɗan aike a kulle yake tafiya, mai ƙirga ya ga lamba kawai, mai jinya ne ke ganin suna, kuma duk wanda ya buɗe an rubuta ya buɗe.

Kuma ba mu za mu ƙirƙiro abin daga sama ba. Ƙungiyar HL7 tun 1987 take tsara yadda saƙon asibiti zai kasance, sabon tsarinsu FHIR shi ake yayi yanzu, akwai ADX na jimillar alƙaluma irin na rapor ɗin wata. Cututtuka na da lambobinsu a kundin OMS, a bugunsa na ICD-10 sanƙarau na meningokok A39.0 ne, mashaƙo A36, ko da Faransanci ka yi karatu ko da Ingilishi lambar ba ta canzawa. Hukumar CDC ta Amurka ta daɗe da nata tsarin aika saƙo mai suna PHINMS, da shi labo-labo da jihohi suka yi shekaru suna tura mata bayanai a kulle. In an ce wannan na masu kuɗi ne, to ga Ruwanda, a can aka fara gwada tsarin haɗa manhajojin lafiya da ya zama OpenHIE. Ga Laberiya a 2014 ana tsakiyar Ebola, ma'aikatar lafiya na da rijistar ma'aikata a manhajar iHRIS, UNICEF na da RapidPro mai tura SMS, ba su sayi ta uku ba, haɗa biyun aka yi aka kira abin mHero, ma'aikatar ta samu hanyar tambayar ma'aikatanta a ƙauyuka su amsa ta ƙaramar waya. Burkina nan kusa suna da STELab, kwalbar ruwan ƙashin baya ana manna mata lamba mai zane-zane irin ta kayan kanti, a bi sawunta daga gidan likita har labo.

Inda gizo ke saƙa ba a na'ura ba ne, a suna ne. Jaharmu distirik 11 ce, kuma Dungass daga Magarya aka cire ta, Takeita da Damagaram Takaya daga Mirya, Belbeji daga Tanut, Tesker daga Gure, tun da aka ƙara departema a 2011. Har yau za ka ci karo da tsohon fayil da ke ajiye CSI a tsohon gidansa. Wannan ya rubuta Guidan wancan Gidan, wannan Angoual wancan Unguwar, Abdou a nan Abdu a tsallake, Sabon Gari kuwa Allah kaɗai ya san nawa ne a ƙasar Hausa. Mutum in ya gani ya gane abu ɗaya ne, kwamfuta gari biyu za ta ƙirga. Ranar haihuwa kuma, uwa za ta ce da kaka aka haife shi shekarar da aka yi ambaliya, mai bugawa ya danna 1 ga Janairu ya wuce, sai ka samu rabin distirik rana ɗaya aka haife su. Saboda haka aikin farko, tun kafin a kira masu kwamfuta, a fitar da jeri guda na duk gidajen likitan ƙasar nan, na gwamnati da na kuɗi da na ƙungiyoyi, kowane da lambarsa da ba ta canzawa ko an canza masa suna ko distirik, a ce ofis kaza ne ke riƙe da jerin, kowace manhaja daga can za ta ɗauka. Haka garuruwa, haka ma'aikata. Na mara lafiya ya fi wuya, na yarda, amma a cututtukan annoba ai lambar Epid na nan, a buga ta a ƴan takardu masu mannewa, ɗaya a takardar sanarwa ɗaya a kwalba ɗaya a katin lafiyar yaro, a huta da filasta da biron da zufa ke gogewa. Wannan aikin ba daɗi gare shi ba, zama ne da gardama kan wa ke da iko da me, shi ya sa kowa ke tsallake shi ya tafi sayen tablet.

Sai maganar da ta fi ci min rai, dawowar amsa. Kwalba ta tashi daga ƙauye ta zo nan, wata ta wuce har babban labon CERMES a Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Masu labo su yi aikinsu sakamako ya fito, manya su gani a tebur ɗinsu, to amma wace hanya aka shimfiɗa da za ta maido shi ga wanda ya tsira allurar a bayan yaron? Sau da yawa babu, sai in ya san wani ya buga waya. Uban yaro ya zo ya tsuguna ya ce likita ruwan nan da kuka ɗiba me aka gani, ka ce ba a aiko ba tukuna, ya sake dawowa ranar kasuwa ka sake faɗa masa haka. Dama mutanenmu ba son ɗibar ruwan nan suke ba, sai an yi ta lallashi, to in an ɗiba ba a ji komai ba, gobe da wane baki za ka roƙi maƙwabcinsa? Shi ma ma'aikacin in ya ga abin da yake turawa rijiya yake faɗawa, sai ya fara cika takarda don a bar shi ya huta, daga nan alƙaluma suka lalace, a zo taro a ce ma'aikatan ƙauye ba su da kula. Ɗan aiken nan hanya biyu yake bi. Minti ɗin da labo ya danna sakamako, SMS ya sauka a wayar CSI ɗin da ya aiko, lamba kaza ƙwaya kaza. In maƙwabcin yanki ya tsallake layin farkawa, a gaya wa na kewaye da shi su shirya magani, ba sai sun ji a rediyo ba.

Akwai masu cewa a rushe duka a kawo babbar manhaja guda ta yi komai. Ban yarda ba. Aikin labo daban, na sito daban, na asibiti daban, wadda ta ce za ta iya duka ba ta iya ko ɗaya da kyau, kuma ran da ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ta makance. Ga shi kuma ta maida mu bayin kamfani ɗaya.

Abin da ya kamata ma'aikatar lafiya ta riƙe da hannu biyu shi ne ɗan aiken da jerin sunayen da ƙa'idar saƙon, su zama nata, a ƙasar nan, ba na wani poroje ba. Duk ƙungiyar da ta zo da manhajarta a ce marhaba, amma kafin ki raba tablet ko ɗaya nuna mana tana aikawa tana karɓa ta hanyarmu, kuma rubuta ki sa hannu cewa ran tafiya bayanan za su zauna. Na ga kabad a wani CSI da tablet a jere cikin kwalinsu, poroje ya ƙare, wanda ya san kalmar sirri ya koma ƙasarsu, awon yara na shekaru yana ciki ba mai iya buɗewa, majo na tsoron zubarwa kar a ce ya ci kayan gwamnati. Ba a yi da mugun nufi ba, ba a dai sa sharaɗin tun farko ba ne.

Masu aikin kuma ba sai an ɗauko su a jirgi ba. Ga jami'ar André Salifou ga makarantar ma'aikatan lafiya ta ENSP duk a garin nan, ga samari da ƴan mata da suka karanci kwamfuta suna zaune a fada suna shan shayi. Waɗannan manhajojin yawancinsu a buɗe suke, kowa na iya saukewa ya koya. A ɗauki ko mutum biyu a ofishin lafiya na jaha, albashi na gwamnati ba na poroje ba, aikinsu kullum da safe su duba saƙo nawa ya shigo, nawa ya maƙale, wane CSI ne aka kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, su buga masa waya. Don shirun CSI ba ya nufin lafiya lau, wani lokaci batir ne ya mutu, wani lokaci majo ne ya rasa lokacin ɗaga kai saboda yawan marasa lafiya, kuma rahoton babu ko ɗaya shi ma saƙo ne da dole a aiko shi a ƙirga shi.

Na ƙarshe kuɗi, kuma ba manyan kuɗi ba. Kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, kowa ya san halinsa, mun ga abin da ya faru da aka yanke layin Najeriya a 2023, ƙauye kuwa dama sola ce, kuma batirin sola yana da shekarun da yake yi ya mutu, ba na jin an taɓa tambayar majo yaushe nasa zai mutu. Forfe ɗin intanet da ake tura rapor da shi, sau tari daga aljihun ma'aikaci yake fita, jika guda yau jika biyu gobe, in wata ya yi nisa rapor ya jira albashi. A sa wannan a kasafi da sunansa, layi guda na forfe layi guda na batir. A zauna da kamfanonin waya a samu gajeriyar lamba ta kyauta da saƙon annoba zai riƙa bi ta SMS inda intanet ba ya kaiwa, su ma ai da iyalansu a garuruwan nan. In ma ba za a iya duka a tashi ɗaya ba, a fara da sanƙarau kaɗai a Dungass da Magarya da Matamaye a kakar bana, sanarwa ta hau sakamako ya sauko, a auna kwana nawa ake ɗauka daga ɗibar ruwa zuwa amsa ta iso CSI, a buga adadin a jarida irin taka kowa ya gani.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira, a gaida ma'aikata.

Naka,
wani tsohon majo, daga unguwar Birni, Damagaram